Kiret Uku a Bayan Sabuwar Mota

Shekara goma sha tara ke nan ina aikin akawu a gonar kaji. Teburina yana bakin ƙofar sito, duk dillalin da zai ɗauki ƙwai sai ya biyo ta gabana. Ina rubuta kiret nawa ya ɗauka, washegari kuma in tambaye shi guda nawa suka fashe masa a hanya. Likitan kajinmu ne ya sa ake wannan tambayar ta biyu. Idan fashewa ta yi yawa a hannun kowa, to ɓawo ne ya yi laushi, sai a duba abincin kajin. Idan kuwa a hannun mutum ɗaya ne, to laifin ƙafarsa ne a kan totur.

A cikin dillalanmu akwai wanda shafinsa na fashewa kusan fari ne fat. Direbobi suka raɗa masa suna Sannu-Sannu, har sunan ya bi shi gida. Dogo ne, ba jiki, yana da furfura a gefen kunnuwa, kuma ya girme ni da shekara biyar ko shida. Idan masu babur suka wuce shi suna yi masa tsiya, ba ya ko ɗaga kai. Ya san kowane rami da ke tsakanin gonarmu da gidansa, ya san wanda ake kauce wa ta dama da wanda ake shiga da taya ɗaya a giya ta farko.

Da keke ya fara, kiret biyar a ɗaure a baya da robar tsohuwar taya. Daga nan ya sayi babur, daga babur ya sayi a-kori-kura ta hannu, wadda kowa ke kira Tsohuwa, don tun ranar da ya sayo ta ba yarinya ba ce. A duk tsawon sanin da na yi masa ban taɓa ganin ya sayi abu don sha'awa ba. Komai ya saya sai ya kawo dalili. Takalminsa iri ɗaya ne, idan ya tsinke ya sayi ɗan'uwansa. Wayarsa mai maɓallai ce, don caji yana daɗewa. Ko shayi ya saya mana sai ya ce, "Yau da ɗan sanyi-sanyi," kamar wani zai tuhume shi.

Rabin sana'ar kuwa tana hannun matarsa. Shi yake kiranta Manaja, mu ma muka ɗauka. Ɗakin ajiyar ƙwansu yana jikin gidan, rufin kwano ne ba silin, da 'yar taga ɗaya da ba ta fi faɗin kiret ba. A nan take zama daga safe har la'asar. Tana ware manya da matsakaita da ƙanana, tana haska kowanne da tocila don ta ga ko akwai tsagar da ido ba ya gani, tana sallamar masu kantuna. Idan rana ta take, ɗakin yakan koma tanda. Takan jiƙa tawul ta rataya a wuya, fankar da ke kusurwa kuma iska mai zafi kawai take juyawa. Shekara ashirin da biyu tana cikin wannan ɗakin.

Ya yi mata alkawari a gabana cewa shekarar da zai sayi sabuwar mota, a shekarar za a gyara ɗakin: a ɗaga gini, a sa silin, a fasa manyan tagogi biyu. Wuri ɗaya suke tara kuɗin abubuwan biyu, kuma sun daɗe suna tarawa.

Akwai abu ɗaya da na sani game da shi wanda da yawa ba su sani ba. Wata rana na shiga Tsohuwa zai rage mini hanya, na sauke abin tare rana da ke saman gilashi, sai wata takarda ta faɗo a cinyata. Shafin tsohuwar kalanda ne, ya yi laushi don ninkewa, da hoton jar a-kori-kura mai ƙofa huɗu. Ya karɓa ya mayar. Ya ce lokacin da yake kan keke, wata rana bayan an ɗauke ruwan sama, irin wannan jar motar ta taho a bayansa. Mai ita ya rage gudu sosai don kada ya watsa masa taɓo, ya ɗaga masa hannu ya wuce. Ya ce ya tsaya da kekensa yana kallonta har ta sha kwana. Iyakar labarin ke nan, kuma bai ƙara ambatonsa ba.

A farkon shekarar bara Tsohuwa ta gaza. Sau uku a wata guda aka ja ta zuwa gareji. A na ukun bakanikensa ya goge hannu da tsumma ya ce, "Yaya, injin nan ba gyara yake nema ba, hutu yake nema. In na ƙara karɓar kuɗinka a kanta na ci haram."

Sannu-Sannu ya je kamfanin sayar da motoci shi kaɗai. Da ya dawo ya zauna a bencin da ke gaban teburina, ya ajiye mini takardu biyu. Ta farko fara ce, ƙofa biyu, dogon baya, ba wani ado. Ta biyu ja ce, ƙofa huɗu, manyan tayoyi, da na'urar sanyaya ciki. Ya auna bayansu da kiret a zuciyarsa: farar za ta ɗauki ɗari da ashirin, jar kuwa casa'in, don kujerun baya sun cinye mata wuri. Kuɗin da suka tara zai sayi farar ya gyara ɗakin Manaja. Idan jar ce, zai tafi gaba ɗaya, ɗakin ya jira wasu shekaru.

Na ce, "To ai magana ta ƙare."

Ya ce, "Ba ta ƙare ba, Malam Akawu. Jar tana da shokozoba mai laushi. Mai sayarwa ya ce ko kofin ruwa ka ɗora ba ya zuba. Ka san asarar da nake yi a fashewa?"

Na san ta. Na jawo littafin shekarar da ta gabata na buɗe shafinsa. Ƙwai arba'in da ɗaya suka fashe masa a shekara guda. Ashirin da shida daga ciki a rana ɗaya ne, ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi ƙanin Manaja ya yi masa tuƙi. Saura goma sha biyar, a cikin Tsohuwa da sifirin ɗinta ya daɗe da saki.

Ya dubi shafin ya ce, "Ni ba tarihi na tambaye ka ba."

Bayan kwana biyu ya dawo da shawara. Zai ɗauki kiret uku, ƙwai casa'in, ya je ya gwada motocin biyu a hanya ɗaya. Ni kuma in bi shi in rubuta abin da ya fito, don Manaja ta yarda da rubutuna fiye da bakinsa. Idan farar ta fasa, jar ba ta fasa ba, to sana'a ce ta zaɓa, ba shi ba.

Ranar Asabar da hantsi muka shiga kamfanin, yana rungume da kiret uku a ƙirji. Wurin duk gilashi ne, ƙasan yana sheƙi har muna ganin inuwarmu. Mai sayarwar, wani mai ƙiba da farar riga, ya taho da fara'a, da ya ga ƙwan sai ya rage tafiya.

Ya ce, "Baba, ba ma saye a nan."

"Ba na sayarwa ba ne. Fasinjoji ne."

Da ya gane abin da ake nufi ya yi dariya har ya dafa bonet. Ya ce shekararsa goma sha biyu a wurin, ya ga mai zuwa da bakanike, ya ga mai zuwa da suruki, amma yau ya fara ganin mai zuwa da ƙwai. Ya shimfiɗa leda a bayan motar, ya ce in wani abu ya zuba mu za mu wanke.

Kafin a tashi, Sannu-Sannu ya duba ƙwan yadda dillalai ke yi. Yakan ɗauki biyu ya gwara su a hankali kusa da kunnensa. Lafiyayye yana ba da ƙara siririya, mai tsaga kuwa ƙararsa a dushe take. Duk casa'in ɗin lafiya lau. Na rubuta.

Da jar aka fara. Da ya zauna a kujerar ya ɗan jima bai tayar ba. Ya shafa sitiyarin, ya gyara madubi, ya gyara hularsa a cikin madubin. Na zauna a baya ni kaɗai kamar babban mutum, sanyi yana bugun gwiwoyina. Muka bi titin da ke bayan masana'antu, wanda manyan motoci suka farfasa, muka haye tudun rage gudu guda huɗu, muka zagayo. Minti ashirin da biyar. Da muka dawo ya sauke kiret ɗin ya gwara su biyu-biyu. Ba ko ɗaya da ya tsage. Ya dube ni da murmushi ya ce, "Rubuta da manyan baƙi."

Sai farar. Ita kujera ɗaya ce doguwa, na zauna a tsakiya, giya tana dukan gwiwata, mai sayarwar ya matse ni ta ɗaya gefen. Tun daga fita na lura tuƙin ya canza. Sannu-Sannu ya taka totur fiye da yadda na taɓa gani. Da muka shiga titin masana'antu, ga wani babban rami a gabanmu, ya nufe shi kai tsaye. Na riƙe littafina da hannu biyu. Saura kaɗan mu faɗa, sai na ji motar ta lafa, sitiyari ya ɗan karkata, taya ta bi gefen ramin ta wuce kamar an ɗora ta da hannu.

Ya yi tsaki a hankali.

A rami na biyu ma haka. Ya taho da niyya, ya ciji leɓe, da aka zo gab sai ƙafarsa ta koma birki. A tudun rage gudu na ga jijiyar hannunsa ta tashi, amma ya hau shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, yadda ya saba yi shekara talatin. Mai sayarwar, wanda bai san abin da ake ciki ba, ya ce, "Baba, wallahi ban taɓa jin daɗin wannan farar kamar yau ba. Ashe haka take da laushi?"



Da muka dawo ya gwara ƙwan sau biyu, kiret bayan kiret. Can ya ɗago ɗaya ya miƙo mini.

"Malam Akawu, duba wannan. Ba tsaga ba ce nan?"

Na sa tabarau na duba, na kankare da farce. Na ce, "Kashin kaza ne."

Na rubuta casa'in a ƙarƙashin ja, casa'in a ƙarƙashin fara, na sa kwanan wata da hannu.

Muka fito muka zauna a inda ake jiran bas, kiret ɗin a kan cinyarsa. Bas biyu suka wuce bai tashi ba. Sannan ya ce, "Ka gani, ko?"

"Na gani."

"So na yi in fasa su. Ko guda biyar. Na ce wa ƙafata taka, ta ƙi. Kamar ba tawa ba." Ya yi 'yar dariya. "Mutum ya tsufa bai iya ko ƙaramar ƙarya ba."

Na ce in yana so ya bar takardar a hannuna, ba dole sai an kai ba. Ya ce a'a, ya riga ya faɗa mata za a kawo rubutu, mu je.

Azahar ta wuce lokacin da muka isa. Manaja tana kan 'yar kujerarta, tawul a wuya, tocila a hannu, kiret a jere har kusan rufi. Daga bakin ƙofa na ji zafin ya bugi fuskata. Muka gaisa, ta tambayi iyalina, ta karɓi takardar ta nisanta da idonta ta karanta.

Ta ce, "Casa'in da casa'in. To wa ya ci?"

Ya ce, "Ba wanda ya ci."

"Ni da ma na sani. Ko a baro aka ba ka su, haka za ka kawo." Ta ninke takardar ta miƙo mini. "Malam Akawu, ka ga mutumin nan? Ya kwashi ƙwai ya kai su gari yana neman shawararsu. Ni da nake zaune da bakina bai tambaye ni ba."

Ya ce, "Ai alkawari na yi miki."

"Na ce ka fasa ne ko na ce kada ka fasa? Tambaya ɗaya zan yi maka, Baban yara. Jar motar nan, me take da shi?"

Ya fara lissafi. Kujerun baya, in za a kai yara wani wuri. Ta ce yaran da ƙaraminsu ya fi shi tsawo, kowa da babur ɗinsa. Ya ce manyan tayoyi saboda damina. Ta ce damina nawa Tsohuwa ta ci da tayoyinta kamar na keke. Ya ce na'urar sanyi, sai ya dubi rufin kwanon ya bar maganar da kansa.

Ta ce, "Saura me?"

Ya dubi ƙasa. Sannan ya ce, "Sonta nake yi."

Manaja ta kashe tocilar ta ajiye. Ta ce, "Malam Akawu, wannan ita ce ta rubutawa. Shekara ashirin da shida ban taɓa jin ya ce yana son abu ba. Ni kaina da ya zo nemana, cewa ya yi ya ji labari ina da natsuwa kuma na iya lissafi." Ta juya gare shi. "Hoton da ke cikin mota, ka zaci ban san da shi ba? Wa yake liƙe shi da salatif in ya yage? Je ka sayi abarka. Ɗakin nan ba gudu zai yi ba, ni ma ba inda za ni. Wanda ya yi ashirin da biyu, uku ba za su gagare shi ba."

Ba da gatse ta faɗa ba. Na san muryar gatsenta, na sha ji idan mai kanti ya zo da ƙorafin banza.

Ta miƙa masa tocilar ta ce tunda ya samu abin da yake so, ya zauna ya taya ta ta gama kiret goman da suka rage. Ya jawo wani bokiti ya kife ya zauna. Na yi musu sallama. Da na waiga daga ƙofa, rigarsa ta riga ta manne a bayansa, yana haska ƙwai, gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

Ranar Litinin bai zo ba, wani ya ɗaukar masa kaya a motar haya. Ranar Talata da safe ina cika takardun sito na ji ma'aikata suna hayaniya a bakin get. Na leƙa. Farar a-kori-kura ce take shigowa, sabuwa fil, ledar kujera ba a cire ba, tana tafiya kamar mai tsoron taka ƙasa.

Da ya zo gaban teburina na ce, "Na zaci an ba ka izini."

"An ba ni."

"To?"

Ya zauna a bencin. Ya ce ya je kamfanin da niyyar jar, har mai sayarwar ya fara cika takarda. Sai ya roƙa a bar shi ya ƙara zama a ciki. Ya zauna, ya kunna sanyin, ya riƙa tunanin yadda zai iso gida da ita. Zai tsaya a ƙofar ɗakin, ya fito daga cikin sanyi jikinsa a bushe, ya sauke kiret ya miƙa wa Manaja a cikin wancan zafin. Kullum, sau biyu a rana.

Ya ce, "Awa biyu kawai na yi a ɗakin ranar Asabar, Malam Akawu. Da ma shiga nake yi in ajiye in fita. Na rasa ta inda zan miƙa mata kiret ɗin daga jar mota. Sai na ce wa mutumin ya yaga takardar."

Na tambaye shi me Manaja ta ce. Ya ce ta zagaya motar sau ɗaya, ta ce ba ta taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba, an hana shi ya nace, an ba shi ya ƙi. Daga nan ta shiga gaba ta zauna ta ce ya kai ta wurin magini.

Aikin ɗakin ya ci mako bakwai. An ɗaga gini da bulo huɗu, an sa silin, an fasa tagogi biyu masu kallon juna da raga a jiki. Na je na gani. Tawul ɗin yana rataye a ƙusa a bayan ƙofa, a bushe.

Farar tana bukatar rumfa a baya don kada rana ta doki ƙwai. Mai walda ya haɗa ƙarafan, Manaja ta ce ita za ta sayo tampol ɗin. Ja ta sayo, ja wur, ana hango shi tun daga kwanar gonarmu. Sannu-Sannu ya ce wa ma'aikatanmu jan tampol ya fi jure rana. Ban taɓa jin haka a wurin kowa ba, amma ban yi masa musu ba.

Hoton kalandar ya koma saman gilashin sabuwar motar. Na kuma lura hanyarsa ta komawa gida ta ƙaru da minti goma, don yakan bi ta gaban kamfanin. Wata rana, bayan kamar wata uku, ya ce mini an sayi jar. Wani mai kwangila ne, ya gan shi ya fita da ita.

Na ce, "Ya tuƙinsa?"

Ya girgiza kai. "Ya shiga ramin bakin get da duka tayoyin."

Ya ɗauki rasit ɗinsa ya tafi wurin lodi. Na buɗe shafinsa na ɗaga murya na tambaye shi nawa suka fashe jiya. Ya ɗaga yatsa ɗaya, ya ce shi ma ba a mota ba ne, jikarsa ce ta ɗauka ta yar.